Addu'a a Gaban Ma'auni: Roƙon Ruwa da Yaƙin Gwandu

1.0 Gabatarwa

Tambayar da wannan takarda ta ɗauko tsohuwa ce, sai dai ba kasafai ake yi mata zama na ilimi cikin harshen Hausa ba. Tambayar ita ce: shin ana iya ɗora addu'a a kan ma'auni, a gwada ta kamar yadda ake gwada taki a gona ko ƙwayar magani a asibiti, har a fito da hujjar da za ta nuna an karɓa ko ba a karɓa ba? Mun lura mutane iri biyu sukan yi gaggawar amsawa. Akwai mai ganin yin tambayar ma rashin ladabi ne ga Ubangiji. Akwai kuma ɗalibin da ya ɗanɗana kimiyya a jami'a, ya koma gida yana ganin an riga an gama magana. A ganinmu duka biyun sun tsallake wani aiki, watau rarrabe abin da ake da'awa kafin a nemi hujjarsa. Za mu yi ƙoƙarin wannan aiki da misalai daga ƙasar Gwandu, domin a can abin ya taɓa faruwa a fagen fama, kuma yana sake faruwa a gona duk shekarar da ruwa ya ɗauke.

2.0 Ruwan da ke biyo bayan roƙo

Ceberu tana cikin ƙaramar hukumar Gwandu, a Jihar Kebbi. Kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Gwandu da Kalgo, rayuwar manomanta ta rataya ne a kan damina guda wadda ba ta cika wuce wata 4 zuwa 5 ba. Ruwan shuka yakan sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, marka (ko malka, a bakin mutanen yamma) ta zo a Agusta, sa'an nan ruwa ya ja baya a ƙarshen Satumba. Lokacin fargaba shi ne tsakanin shuka da marka. Idan ruwa ya ɗauke kwana 10 ko mako 2 bayan gero ya tsiro, yabanya ta fara yaushi, manomi ya shiga lissafin ko irin da ya rage masa zai isa sake shuka. A nan ne dattawa sukan sami liman, a sa rana, a fita.

Yadda ake sallar sananne ne ga duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani. A fita da hantsi kamar fitar idi, ba kiran salla ba iƙama, a yi raka'a biyu a bayyane, a yi huɗuba, a juya mayafi, a fuskanci alƙibla a yi roƙo. Malamai sukan yi umurni tun kafin ranar da a tuba, a mayar wa mutane haƙƙinsu, a yi sadaka, wasu su ƙara da azumi. A wurare da dama na ƙasar Hausa mata da yara ma suna da nasu roƙon na gargajiya, wanda wasu malamai ba su yarda da shi ba. Wannan nazari ne mai zaman kansa.

To, sau da yawa ba a yin kwana 2 ko 3 sai hadari ya taso daga gabas. Wani lokaci ma kafin jama'a su kai gida sun jiƙe sharkaf. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan fili ya san abin da zuciya ke ji, mu ma kuwa ba mu fita daga cikinsu ba. Amma abin da muke tambaya a nan daban ne: shin wannan saukar ruwa ta isa hujja ga wanda bai riga ya yarda ba?

Mu yi ɗan lissafi, da adadin da muka ƙaga domin misali kurum. A ce a watan Yuli akan sami ruwa a gari rana 1 cikin kowace rana 3. Idan haka ne, yiwuwar a yi kwana 7 a jere ba ɗigo ba ta wuce kashi 6 cikin 100 ba, watau ko an fita ko ba a fita ba, sau 94 cikin 100 ruwa zai sauka cikin mako. Lalle wannan lissafi ya sauƙaƙa abu, domin ranakun ɗaukewar ruwa sukan zo a jere, amma ya nuna inda gizo ke saƙar. Ba a fita roƙon ruwa a Janairu. Ana fita ne a tsakiyar damina, lokacin da iskar kudu maso yamma ta riga ta kwaso laima daga Tekun Atalantika ta cika sararin ƙasar, kuma bayan ɗaukewar ruwan ta riga ta cinye yawancin kwanakinta. Bugu da ƙari, zuciyar ɗan Adam mai zaɓe ce. Ranar da aka jiƙe a hanyar gida ana ba da labarinta har jikoki, ranar da aka fita sau uku rana na ƙwallewa kuwa ba mai son tuna ta. Shekarun fari na 1972 zuwa 1973 da na 1983 zuwa 1984 sun shafi ƙasashe tun daga Senigal har Cadi, an yi roƙo a birane da ƙauyuka, amma amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka mutu. Mai son kafa hujja da ruwan da ya sauka, dole ne ya shigar da waɗannan shekaru cikin lissafinsa.

Wani zai ce, to a shirya gwaji na sosai mana: a raba ƙauyuka gida biyu da ƙuri'a, waɗansu su fita, waɗansu su zauna, a kafa ma'aunin ruwa a kowanne. Wannan ba zai yiwu ba, ko da an sami liman da zai yarda ya hana jama'arsa fita. Hadarin da ya zuba a Ceberu yakan ci gaba yamma ya nufi wajejen Kalgo, bai san iyakar mai unguwa ba. Manomin ƙauyen da aka ce kada ya fita yana roƙon ruwa a sujadarsa sau biyar a rana, kuma kowace Juma'a limamai suna roƙa wa dukkan Musulmi. Ƙauyen da ba a yi masa addu'a ba, wanda da shi ne za a yi kwatanci, babu shi.

3.0 Waɗanda suka gwada

Duk da wannan cikas, an yi gwaje-gwajen a ƙasashen Turawa, kuma ya kamata mu san abin da aka samo. A 1872 Francis Galton, masanin ƙididdiga na Ingila, ya kawo wata dabara. Ya ce ba wanda ake roƙa wa tsawon rai a majami'un Ingila kowace Lahadi kamar sarki da iyalinsa, saboda haka in roƙon yana ƙara kwana ya kamata su fi kowa daɗewa. Da ya duba shekarun mazan da suka haura 30 kafin su mutu, sai ya tarar 'yan gidan sarauta suna tsayawa a kimanin shekara 64, malaman coci 69, masu hali na karkara 70. Dabarar tana da rauni, tun da yake abincin sarakuna da zamansu da auren zumuncinsu duk sun bambanta da na sauran jama'a, amma ita ce ta buɗe ƙofa.

Likitocin Amurka suka ɗauki abin daga baya. A 1988 Randolph Byrd ya buga sakamakon gwajin da ya yi da masu ciwon zuciya 393 a babban asibitin San Faransisko. Waɗanda aka yi wa addu'a sun ɗan fi samun sauƙi a wasu 'yan abubuwa daga cikin abubuwa da yawa da aka auna, amma ba bambanci a yawan mutuwa ko kwanakin jinya. Wanda ya auna abu 20 ko fiye kuwa, da wuya ya rasa ɗaya ko biyu da za su bambanta bisa katari. Gwaji mafi girma shi ne wanda Herbert Benson da abokan aikinsa suka buga a 2006, da mutum 1,802 da aka yi wa tiyatar zuciya a asibitoci 6. An raba su rukuni uku. Rukuni biyu an gaya musu mai yiwuwa a yi musu addu'a, mai yiwuwa ba za a yi ba, sa'an nan aka yi wa ɗaya, ba a yi wa ɗaya ba. Rukuni na uku an tabbatar musu za a yi, aka kuma yi, har kwana 14. Waɗanda suka gamu da matsala bayan tiyata su ne kashi 52 cikin 100 a rukunin da aka yi wa ba su sani ba, kashi 51 a wanda ba a yi wa ba, da kashi 59 a wanda ya san ana yi masa. Wannan adadi na ƙarshe ya ba mutane mamaki, har wasu suka yi zaton fargaba ce ta kama majinyatan da suka ji cewa abin nasu ya kai ga a tara musu masu roƙo.

Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka nuna ƙayyadadde ne, amma bai kamata a raina shi ba. Idan baƙi suka karɓi sunan majinyaci a takarda, suka karanta masa roƙo na kwanaki ƙidayayyu, ba a ga alamar hakan a ƙididdigar asibiti ba. Duk mai da'awar cewa addu'a tana aiki kamar allura, a tsira a ga sakamako, to wannan da'awa an gwada ta, ba ta tsaya ba.

4.0 Hukuncin al'ada

Shin wannan ce da'awar malamanmu? A nan ya kamata mu koma zaure. Littattafan tauhidi na Shaihu Muhammadu Assanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, an daɗe ana karanta su a ƙasar nan, kuma a cikin karatun akan raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne wanda muke samu daga ganin abu yana biyo bayan abu a kai a kai, kamar ƙoshi bayan cin tuwo, ko ƙuna bayan taɓa wuta, tare da sanin cewa saɓawa tana yiwuwa kuma mai aikatawa na haƙiƙa shi ne Allah. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya yi wannan bayani a Tahafutul Falasifa da misalin wuta da auduga. In mun duba da kyau, dukkan aikin ɗakin gwaji a cikin wannan hukunci na uku yake. Mai kimiyya yana ƙirga maimaituwa ne, ya ce in an yi kaza, kaza yakan biyo baya sau kaza cikin ɗari.

Daga nan abu biyu suke fitowa. Na farko, kalmar sa hannun Ubangiji yadda masu gwajin suka fahimce ta baƙuwa ce ga wannan tauhidi. Su suna ɗaukar duniya kamar inji mai juya kansa, wanda wani lokaci hannu yakan shigo daga waje ya karkatar da shi, sai a nemi sawun hannun. Ga ɗalibin Sanusi kuwa ruwan da ya sauka bayan roƙo da wanda ya sauka ba roƙo duk aikin Mai aikatawa ɗaya ne, haka ma iskar da ta kawo laimar. Ma'aunin ruwa ba shi da layin da zai raba su. Na biyu, karɓar addu'a a koyarwar Musulunci ba fuska ɗaya gare ta ba. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri hadisin da ke bayyana cewa mai roƙo ko dai a gaggauta masa abin da ya nema, ko a ajiye masa zuwa Lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonsa. Biyu daga cikin ukun nan ba idon da ke ganinsu. Haka nan sharuɗɗan, irin su halaccin abinci da halartar zuciya da barin gaggawa, ba mai iya cike su a takardar bincike.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi a nan, kuma ba za mu ɓoye shi ba. Malaman nan dai su ne suka ce addu'a sababi ce daga cikin sabubba, kamar yadda garkuwa take sababin tare kibiya. In kuwa sababi ce, me zai hana ta bar alama a ƙididdiga kamar sauran? Amsar da ke hannunmu ita ce roƙo magana ce da ake yi wa Mai nufi, wanda yake ba da abin da ya so a lokacin da ya so, kuma ya san niyyar mai gwadawa. Alƙur'ani ma ya nuna nauyin neman alama, a ƙissar Hawariyawa da suka nemi a saukar musu da abinci daga sama a Suratul Ma'ida, aka amsa musu tare da gargaɗi mai tsanani. Wannan amsa ta wadatar da mai imani. Amma mu sani tana da farashi. Karl Popper ya kafa ƙa'ida tun 1934 cewa magana ba ta shiga kimiyya sai an iya faɗin abin da in an gan shi zai rushe ta. Karɓar addu'a, yadda muka bayyana ta, ba abin da za a gani ya rushe ta, saboda haka ta fita daga hannun ɗakin gwaji baki ɗaya, gwaji ba ya ƙaryata ta, ba ya kuma gaskata ta. Wanda ya ce farin 1984 bai rushe imaninsa ba ya yi daidai da ƙa'idarsa, amma ba shi da damar ya juyo ya ce ruwan da ya sauka ran Talata bayan roƙo hujja ce a kan mai shakka. Mun sha jin masu wa'azi suna cin tudu biyu a nan, kuma a ganinmu su ne suke jefa ɗaliban kimiyya cikin ruɗu, domin yaron da aka gina wa imani a kan ruwan Talata, ranar da ya koyi ƙididdiga ginin zai girgiza.

Labarin ruwan da ya sauka mako guda a Madina bayan roƙon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Anas, yana wani babi ne dabam. Mu'ujiza saɓa wa al'ada ce, ba ta maimaituwa bisa buƙatar mai bincike, kuma hanyar tabbatar da ita ita ce ingancin ruwaya.

5.0 Gwandu, 1805

Tarihin Gwandu ya ba mu misalin yadda malamai masu zurfi suka riƙe wannan al'amari a lokacin da rayukansu ke kan siraɗi. A watan Yuni na 1804 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci nasara a Tabkin Kwatto, har Malam Abdullahi ya kwatanta ranar da Badar. Kafin shekarar ta ƙare aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa kusa da Alƙalawa, inda aka ruwaito mutuwar kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Ba mai hankalin da zai ce ba a yi addu'a a Tsuntsuwa ba, ko kuwa na Kwatto sun fi su tsoron Allah, alhali jama'a ɗaya ce.

A 1805 Abdullahi ya ci Birnin Kabi, Shehu ya koma Gwandu da zama. A ƙarshen shekarar Kabawa da Gobirawa da Azbinawa suka haɗa kai, aka gwabza a Alwasa, aka karya rundunar jama'a, suka ja da baya zuwa Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Muhammadu Bello ya ba da labari a Infaƙul Maisuri cewa Shehu ya fito ya yi wa mutane wa'azi, ya roƙa musu nasara, zukatansu suka dawo. Aka tare abokan gaba a bakin gari, aka kore su. Masana tarihi na baya sun ƙara da cewa ƙasar Gwandu mai duwatsu ta takura dawakin lifidi da raƙuman Azbinawa, ta ba 'yan baka dama.

Abin lura shi ne yadda su kansu shugabannin suka karanta waɗannan ranaku. Nasara sun ɗauke ta taimakon Allah. Karyewar Alwasa kuwa sun danganta ta da halin rundunarsu, wadda ta wawashe wani gari na masu amana a kan hanya, kuma Abdullahi ya koka da son duniya da ya shigi jama'a a Tazyinul Waraƙati. Wannan karatu ne na tarbiyya, mai mayar da mutum ga binciken kansa, kuma yana iya ɗaukar nasara da karyewa duka biyu, watau ba ƙididdiga ba ce, su ma ba su ce ita ce ba. Duk da haka akwai abin da masanin tarihi zai iya kamawa a ciki: mutanen da suka watse sun sake tsayawa bayan Shehu ya yi magana ya yi roƙo. Wannan tasiri ne na zahiri, shaidu sun gan shi. Sa'an nan a shekarar da ta biyo, 1806, aka gina wa Gwandu ganuwa. Bello ɗin nan da ya rubuta labarin addu'ar shi ne kuma ya rubuta littattafai a kan maganin ciwon ido da na basur.

6.0 Abin da ya rage a hannun manazarci

Saboda haka ba mu ce a naɗe hannu ba. Duk inda mutum ya yi alkawarin sakamako ƙayyadadde a lokaci ƙayyadadde, ya shigo hukuncin al'ada da ƙafarsa, kuma halal ne a auna shi. Mai tsibbun da ya karɓi rago ya ce ciwon suga zai tafi cikin kwana 7, ko ya ce a jingine ƙwayoyin asibiti a riƙe rubutu kaɗai, da'awarsa tana gwaduwa da awon jini, kuma barin gwada ta saboda kunya yana cin rayuka. Bincikar irin wannan mutum bincikar ɗan Adam ne, ba ta taɓa alfarmar addini.

Haka nan abin da roƙo ke yi wa masu roƙon fage ne da masana halayyar jama'a za su iya shiga. Kwanakin da ke gabanin fita sallar roƙon ruwa kwanaki ne da ake fitar da hatsi sadaka a daidai lokacin da rumbunan talakawa suka yi ƙasa, ake sasanta masu gaba, ake biyan bashi. Nawa ake fitarwa, wa yake samu, rigingimun iyakar gona nawa ake kashewa, duk ana iya ƙirga su.

Muna ba da shawara ga sassan nazarin ƙasa da na addinin Musulunci a jami'o'inmu su haɗa hannu su tattara ranakun da aka fita roƙon ruwa a garuruwan Gwandu da Kalgo daga bakin limamai da dattawa, da waɗanda aka samu ruwa da waɗanda ba a samu ba, a jera su kusa da bayanan ma'aunin ruwa na Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya. Wannan aiki ba zai faɗi ko an karɓi roƙon mutanen Ceberu ba. Zai faɗi kwana nawa na ɗaukewar ruwa manomi yake jurewa kafin ya nufi gidan liman, da wane mako ne na damina ya fi tsananta masa, da kuma ko hasashen damina da hukumar take fitarwa a farkon kowace shekara yana isa kunnensa kafin ya zuba irinsa a ƙasa.